Yadda mace za ta rubuta fim ta kuma ba da umarninsa da kanta a Sakkwato

Macen da ke son ta rubuta fim ta ba da umarninsa ba tare da ta fake a inuwar wani kamfani ba, ta sani tun da wuri cewa ikonta a takarda yake kwana. Ranar ɗauka mutum 10 ko 15 ne za su kewaye ki, yawancinsu maza, wasu sun girme ki, wasu sun daɗe a harkar kafin ki shigo. In kika zo da labari a ka kawai, kafin azahar mai kyamara ya zama shi ne darakta, jarumi yana sauya maganarsa yadda ya ga dama, wanda ya ba da kuɗi kuma yana cewa a saka ƙanensa a wani sin, wato wata fitowa a cikin fim ɗin. In kuwa kika zo da rubutaccen labari, da jerin hotunan da za a ɗauka, da yarjejeniyar da kowa ya sa wa hannu, to bakinki za a riƙa jira. Saboda haka yawancin aikin da za a bayyana a nan ana gama shi ne kafin a kunna kyamara.

Rubutun

Ki fara da gajeren fim na minti 8 zuwa 12, mai mutum 3 ko 4, a wuri 2 kacal. Fim mai dogon zango shi ke tashe, kuma shi ke jan hankalin duk mai farawa, amma bakinsa a buɗe yake kowane mako yana neman kuɗi, ranar da kika gaza kawo kashi na gaba kuma 'yan kallo sun watse. Gajeren fim guda da aka gama shi tsaf ya fi kashi 5 na labarin da ya tsaya a hanya.

Kafin ki rubuta sin ko ɗaya, ki iya faɗin labarin a jimla 2: wace ce, me take so, me ya tare mata hanya. Misali, bazawara mai sana'ar ƙuli-ƙuli a Mabera tana son ta biya wa ɗiyarta kuɗin jarrabawa kafin Juma'a, sai uwar adashe ta ba wata kwasar da ta dogara da ita. In labarinki ya ƙi shiga jimla 2, bai nuna ba tukuna, ki bar shi a wuta. Daga nan ki yanka kwali ƙanana, kowane sin da katinsa, ki rubuta wuri da lokaci da abin da ya sauya a cikinsa. Ki shimfiɗa su a tabarma ki duba. Katin da babu abin da ya sauya a cikinsa, wato mutane suka shiga suka fita yadda suke, ki ɗauke shi ko da maganar ciki ta yi miki daɗi.

Akwai tsarin da ake rubuta fim da shi a ko'ina, da harafin Courier mai lamba 12, kuma amfaninsa shi ne shafi 1 yana kusan daidai da minti 1 a allo. Da haka za ki san tsawon fim da yawan kwanakin ɗauka tun kina gida. Manhajoji irin su Celtx da Final Draft suna jera shi da kansu, amma ki buga shafi ɗaya na gwaji tukuna, domin wasu sukan haɗiye ƙ da ɗ da ɓ su bar gurbi. Ga yadda sin yake fitowa:

SIN 4. WAJE. TSAKAR GIDAN INNA. SAFE.
Inna tana zaune gaban kasko, man ƙuli yana tafasa. Ta kwance bakin zane, ta ƙirga kuɗi sau biyu, ta mayar ta ɗaure. Hadiza ta fito sanye da kayan makaranta, ta tsaya a bayanta.
HADIZA: Inna, mi kinka ce mishi?
INNA: Ban ce mishi komi ba, ɗiyata. Tafi kar ki makara.

Ki lura babu inda Inna ta ce kuɗin bai cika ba. Ƙirgawa ta biyu ta faɗa. Wannan ita ce babbar matsalar sababbin marubuta a wajenmu, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda da wasan kwaikwayon rediyo aka rene mu, inda dole baki ya faɗi komai. A fim, duk abin da hannu ko ido ko shiru zai iya nunawa, ki cire shi daga baki. Haka gaisuwa. Bahaushe ba ya shiga magana sai ya tambayi kwana da gajiya da gida da yara, to amma in kowane sin ya fara da cikakkiyar gaisuwa, kwatar fim ɗin ta tafi a nan. Ki shiga sin bayan an gama gaisawa. Ki ajiye gaisuwar ga inda take ɗauke da wani abu, kamar kishiyar da ta amsa “lahiya” a taƙaice ba ta ɗago kai ba.

Sai maganar harshe, wadda marubuciyar Sakkwato ba ta da mafita sai ta yanke hukunci a kanta. Kunnen 'yan kallo ya saba da Kananci domin Kano ce cibiyar masana'antar, kuma an daɗe ana ba Basakkwace gurbin ban dariya a finafinai. Ra'ayinmu shi ne in labarin na mutanen Sakkwato ne, a bar su su yi magana da bakinsu, da “munka” da “sunka” da “wanga” da “gidanai”, cikin mutunci, a kuka da fushi da soyayya. Mai kallo a Zariya ko Maraɗi zai fahimta. Abin da ke ɓata fim shi ne gauraye marar dalili: uwa tana Sakkwatanci, ɗiyar da ta haifa ta rena a gida ɗaya tana Kananci tsantsa, saboda kawai daga Kano aka ɗauko jarumar. Ko dai ki nemo 'yan wasa a gida, ko ki ba baƙuwar dalili a cikin labarin. Idan kin gama, ki tara mata 3 ko 4 masu shekarun mutanen labarin su karanta a bayyane kina saurare, biro a hannu. Duk inda harshe ya yi tuntuɓe, ko wata ta ce “mu ba haka muke cewa ba”, ki sa alama.

Takardun da ke tsare miki fim

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu da zarar an rubuta shi, amma ba ta kare tunanin da ke ka ko wanda aka faɗa da baki. Don haka kada ki zauna kina ba furodusa labari tiryan-tiryan alhali ba ki rubuta ba. Ki rubuta, ki sa suna da kwanan wata, ki tura wa kanki ta imel, in da hali ki shigar da shi a rajistar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, wadda ake yi ta intanet.

Ga wurin da mata da yawa ke rasa aikinsu. A wannan doka, wanda ake ɗauka mai fim shi ne wanda ya yi shirye-shiryen samar da shi, sai in masu aikin sun yi yarjejeniya a kan akasin haka. Ma'ana, kina iya rubutawa, ki ba da umarni, ki sha rana, amma in wani ne ya kawo kuɗi ya ɗauko ma'aikata kuma babu takarda, zai iya cewa fim nasa ne. Maganin shi ne ki yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe asusun banki da wannan suna, kowane kuɗi ya bi ta nan. Wanda zai ba da kuɗi, ko kawunki ne ko mijin yayarki, a rubuta ko bashi ne, ko kyauta, ko hannun jari. In hannun jari ne a faɗi kasonsa, da tsawon lokacin, kuma a rubuta ƙarara cewa mallakar fim da hukuncin ƙarshe a kan abin da zai fita naki ne. Kunya takan hana a kawo takarda gaban babba, to ki ce masa, “Kawu, don kada a manta ne, ko bayan raina ko naka.” Ai addini ma ya yi umarni da a rubuta bashi.

Kowane ɗan wasa ya sa hannu a shafi 1 mai ɗauke da kwanakin aiki, da ladansa, da yardarsa a nuna hotonsa a talabijin da intanet da fosta. Yaro, mahaifinsa ko waliyyinsa ne zai sa hannu. Budurwa kuwa, ko ta kai shekaru, ki je gidansu da kanki ki gaida iyayenta ki nuna musu sin ɗin da za ta fito, domin an sha gama fim sannan uba ya ce a cire ɗiyarsa, kuma ba takardar da za ta sa ki ja da shi a gari. Ke ma a naki gidan, kada ki nemi izinin “yin fim” a dunƙule, kalmar tana tsorata mutane. Ki kawo wa Baba ko maigida rubutun, da sunayen waɗanda za ki yi aiki da su, da wuri, da lokacin fita da na dawowa.

Kuɗi da mutane

Ki bi rubutun sin bayan sin da alƙalami mai launi, ki fitar da duk abin da ake buƙata: mutane, tufafi, kasko, tabarma, babur, wuri. Daga wannan jerin kasafi ke fitowa. Kuɗin editin da gyaran sauti ki cire shi tun farko ki ɓoye, saboda ɗauka tana cinye duk abin da ta gani, kuma finafinan da suka mutu a cikin kwamfuta sun mutu ne a wannan gaɓar. Ki ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na ko-ta-kwana. Ma'aikata a ba su rabi kafin aiki, rabi bayan sun miƙa abin da aka ɗauka. Abinci da ruwan sanyi kada a yi musu ƙwauro, mai jin yunwa ba ya jin umarni.

Mutum 5 sun isa gajeren fim: mai kyamara, mai sauti, mai haske, mai kula da kwantiniti, wato mai lura kada tufafi da kaya su sauya daga hoto zuwa hoto, da mai kula da abinci da sufuri. Akwai masu hannu a Sakkwato, daga waɗanda suka yi aiki da Rima TV ko NTA, zuwa ɗaliban aikin jarida na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Masu ɗaukar biki suna da kayan aiki masu kyau, sai dai hannunsu ya saba da yawo da kyamara da jawo hoto kusa da nesa, don haka ki yi gwajin sin guda da mutum kafin ki ɗauke shi. Ki duba abu biyu: ko hotonsa ya tsaya, da kuma yadda fuskarsa take in kin ce a sake. Mai kula da kwantiniti ki yi ƙoƙari ta zama mace, domin ita ce idonki na biyu, ita ce kuma za ta shiga ɗaki tare da 'yan wasa mata wajen sauya kaya.

Wuri da yanayi

Kasancewarki mace yana buɗe miki cikin gida, inda darakta namiji sai dai a ba shi labari. Amma ma'aikatanki maza ne, gidan matan aure kuma ba a shiga. Ki yi magana da maigida tun mako guda kafin ranar, ki faɗi yawan mazan da za su shigo da awannin da za su yi, a tanadar wa matan gida ɗakin da za su zauna, ki biya kuɗin wuri ko da an ce a bari. In za ki ɗauka a titi ko kasuwa, ki fara da mai unguwa, shi zai faɗa miki ko sai an kai ga uban ƙasa, sannan a sanar da ofishin 'yan sanda na yankin. Kada a tashi jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kusa da Fadar Sarkin Musulmi ko Barikin Giginya ko filin jirgi. Ƙauyukan gabashin jihar kuwa, wajen Isa da Sabon Birni da makwabtansu, matsalar tsaro ta sa bai dace a kai ma'aikata can ba. In labarin na ƙauye ne, a nemi gida a gefen gari, a dawo kafin magariba.

Ki ziyarci wurin a daidai lokacin da za ki yi ɗauka, ki tsaya shiru minti 5 ido a rufe. Za ki ji injin markaɗen makwabta, da 'yan kabu-kabu, da makarantar allo, da awaki. Mai kallo yana yafe hoto mai ɗan duhu, amma sautin da ba ya ji sosai kashewa yake yi ya wuce. Makirufo ya kasance kusa da bakin mai magana, kimanin kamu 1 zuwa 2, a saman kai inda kyamara ba ta gani, mai sauti kuma kada ya cire abin kunne. Janareta a kai shi nesa da doguwar waya, a bayan katanga. Lokutan salla ki sa su a jadawali tun farko, a tsaya kafin kiran salla, a ci abinci a hutun azahar.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Ƙananan kyamarori sukan yi zafi su kashe kansu a tsakiyar sin, rana tsaka kuma tana jefa inuwa baƙa a ƙwarmin ido. Sin ɗin waje a yi shi daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 10, sai kuma bayan la'asar. Tsakanin nan a koma ɗaki. A riƙa yi wa kyamara laima, a kashe ta tsakanin ɗauka. Lokacin hunturu hazo yana tausasa haske, fuska takan fito da kyau, amma ƙura ce abokiyar gaba: kada a sauya gilashin kyamara a fili, a shiga mota ko ɗaki, in ba haka ba ɗigo baƙi zai zauna a sararin samaniyar kowane hoto har ƙarshen fim. Damina kuma gajimare yana sauya haske cikin minti kaɗan, ruwa a kan kwano yana kashe sauti. A saita kyamara a hoto 25 cikin daƙiƙa, domin wutar lantarkinmu mai bugu 50 ce, in aka sa 30 fitilu sukan yi ƙyafƙyaf a hoto.

Ranar ɗauka

Daren jajibiri ki rubuta jerin hotunan kowane sin. Na Inna da Hadiza, misali, hoto 4 ne: mai faɗi da ya ɗauko tsakar gida duka, na kusa a kan hannun Inna da bakin zane, fuskar Inna, fuskar Hadiza. Ki ba mai kyamara kwafi tun da safe. A fara da mai faɗin, a yi sin ɗin daga farko har ƙarshe, sannan a matso. Ki ja layi a zuci tsakanin mutum biyun da ke magana, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin. In ta tsallaka, a allo za a ga su biyun suna kallon gefe guda kamar ba da juna suke magana ba, kuma edita ba shi da maganin wannan. Gajeren fim mai shafi 10, kwana 3 ya ishe shi in kin tsara shafi 3 zuwa 4 a yini.

Wajen ba da umarni, kada ki ce wa 'yar wasa “ki yi baƙin ciki”, za ta kwaɓe fuska ne kawai. Ki ba ta abin yi: “Inna, kada ki bari yarinyar nan ta gane kuɗin bai cika ba.” Dattijo ko dattijuwa ba a yi musu gyara daga nesa a gaban yara. Ki taka ki je, ki rage murya, ki ce, “Baba, ya yi kyau, a ƙara mana ɗaya, wannan karon a ɗan jinkirta kafin a amsa.” In mai kyamara ya kawo shawara ki saurara, sau da yawa yana da gaskiya a kan haske. In ya ja da ke a kan labari, ki ce a ɗauki naki tukuna, in lokaci ya rage a ɗauki nasa. Ke kaɗai ke cewa a fara, ke kaɗai ke cewa a tsaya, ki faɗi wannan a gaban kowa da safiyar farko.

Mai kwantiniti ta ɗauki hoton kowa da waya kafin kowane sin: kafaɗar da gyale yake, ɗaurin kallabi, yawan ƙulin da ke faranti. Lalle yana dusashewa kullum, don haka in jaruma ta yi ƙunshi, a jera sin ɗinta kusa da juna. Kafin a bar kowane wuri, kowa ya yi tsit a naɗi sautin wurin na minti 1, edita zai cike giɓi da shi. Da dare a kwafe duk abin da aka ɗauka zuwa wuri 2 ban da memori, ki buɗe ki gani da idonki cewa yana tafiya kafin a goge komai, kuma kwafi ɗaya ya kwana a gidanki.

Bayan ɗauka

Ki zauna kusa da edita, kada ki aika masa ki jira. DaVinci Resolve, manhajar editin, yana da nau'in kyauta da ya isa wannan aiki, ya kamata ke ma ki koyi yanka da jerawa ko don ki san abin da zai yiwu. Haɗin farko zai yi tsawo, ki nuna wa mutum 5 da ba su san labarin ba, ki kalli lokacin da suka fara taɓa waya. Kiɗa ki sa a yi miki naki da yarjejeniya a rubuce, domin YouTube yana gane waƙar wani, kuɗin tallar ya koma wurin mai waƙar.

Fim ɗin da za a sayar ko a nuna wa jama'a a Najeriya yana bi ta Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa a 1993. In kina nufin kasuwar Kano, can ma akwai hukumar tacewa ta jiha da nata sharuɗɗan, musamman a kan sutura da taɓa juna tsakanin namiji da mace, gara ki kiyaye su tun a rubutu da a ce ki yanke sin daga baya. Shiga MOPPAN, ƙungiyar masu harkar fim, yana sauƙaƙa sanin waɗannan hanyoyi. Mai son karatu mai zurfi kuma akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos.

Kada ki yi gaggawar ɗora fim a intanet. Bukukuwan finafinai da dama suna son wanda ba a riga an saki ba. Ki sa fassarar Turanci a ƙasan allo, wadda wanda ya iya harsunan biyu ya yi, layi 2 a lokaci guda, ki tura ta FilmFreeway, shafin intanet da ake aika fim ga bukukuwa, zuwa irin su Zuma a Abuja da AFRIFF a Legas. FESPACO na Wagadugu, wanda aka fara a 1969, duk shekara 2 ake yin sa, can fassarar Faransanci za ta taimaka. In tashar talabijin kamar Arewa24 ko wata manhajar kallo ta nuna sha'awa, ki ba da izinin nunawa na ƙayyadadden lokaci, shekara 1 ko 2, kada ki sayar da mallaka ɗungurungum.

YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ba ya kuma turo kuɗi sai sun kai dala 100, don haka kada ki ɗora biyan bashi a kansa. Tashar ki buɗe ta da imel ɗinki da lambar wayarki, da hannunki. In edita ko wani yaro mai taimako zai riƙa ɗora bidiyo, ki ƙara shi a matsayin mai taimako daga cikin saitin tashar, kalmar sirri ta zauna wurinki.